A kai maganar tsofaffi ɗakin gwaji

Makarantu da yawa sun ware wa ilimin gargajiya rana guda a shekara. A yi ado, a yi rawa, a tafa, washegari a koma kan littafi kamar ba a yi ba. Ni malamin kimiyya ne, kuma wannan tsari yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wanda ya ɗauki maganar tsoho da muhimmanci, gwada ta yake yi.

Shi ya sa ba na gajiya da ba ɗalibaina labarin Tu Youyou. A 1969 aka ɗora mata neman maganin zazzaɓin cizon sauro a ƙasar Sin. Ita da abokan aikinta suka tattara haɗe-haɗen magungunan gargajiya sama da 2,000. Ganyen tazargade ya nuna alama, amma yau ya yi aiki, gobe ya ƙi. Sai ta koma ga rubutun Ge Hong, wani masani na ƙarni na huɗu, wanda ya ce a jiƙa ganyen a ruwa, a matse, a sha. Bai ce a tafasa ba. Nan ta yi zargin zafi ne ke lalata sinadarin, ta koma tace shi ba tare da zafi mai yawa ba, kuma a 1971 ya kashe ƙwayar cutar a jikin ɓeraye. Ta karɓi kyautar Nobel a 2015. In na kawo nan sai in tambayi ajin: wa ya gano maganin, Ge Hong ko Tu? Har a kaɗa ƙararrawa ba su gama musu ba.

Aikin da suka fi so kuwa shi ne ramukan shuka da ake kira “zai”, dabarar da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya farfaɗo da ita har aka karrama shi a 2018. Ana haƙa rami tun da rani, a zuba taki, gara ta zo cin takin, ta yi ta huda ƙasa, ruwan sama ya sami hanyar shiga maimakon ya gangare. Muka raba fili biyu, gefe ɗaya da ramuka, ɗaya babu. Yaran suka haɗa ƙaramar na'urar auna danshi, suka riƙa shigar da alƙaluma a kwamfuta. Wata yarinya da ba ta cika buɗe baki a aji ba, ita ce ta lura an soke na'urar da zurfi daban-daban a gefen biyu, ta ce sai an sake awon. Aka sake.

Ba kowace magana ce ke tsira daga gwaji ba, kuma ina barin yara su rubuta hakan ba tare da jin sun yi wa kakanninsu rashin kunya ba. Sharaɗina ɗaya ne: duk wanda ya samo bayani daga wani dattijo, ya nemi izininsa, ya rubuta sunansa a saman rahoto. Mutanen San na kudancin Afirka sun daɗe suna amfani da tsiron hoodia don kashe yunwa, amma aka yi rajistar mallakar sinadarinsa ba a tuntuɓe su ba. Sai a 2003 aka ƙulla yarjejeniyar ba su kaso, bayan sun tayar da ƙayar baya.