Godiya Bayan Kare Kundin Bincikena Kan Sankarar Huhu

Alhamdu lillahi. Jiya Allah ya nufa na kare kundin digirina na uku, masu jarrabawa kuma sun amince da shi. Saƙonnin taya murna sun fi ƙarfin in amsa su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na kawo godiyar nan, kowa ya ɗauki rabonsa.

Kafin kowa, ina gode wa majinyatan da suka miƙo hannu na ɗebi jininsu. Ban ɓoye musu ba, na gaya musu wannan aiki ba zai warkar da su ba, sai dai wataƙila ya amfani na bayansu. Suka ce in ɗiba. Da yawansu sun iso asibiti ne bayan sun kwashe watanni suna shan maganin tarin fuka, domin tari da rama da tofar da jini duk alamomi ne da cututtukan biyu suka yi tarayya a kansu. Kafin a gano sankara ce, ta riga ta bazu. Wasunsu ko kara ɗaya na sigari ba su taɓa sha ba. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, ya sa jinyar ta zama kaffara, ya ba iyalansu haƙuri.

'Yan'uwa da dama sun tambaye ni me na nema a cikin jinin nan. Maikro-RNA na nema. Ƙwayar halitta tana kwafo saƙo daga DNA ta haɗa furotin da shi. Su maikro-RNA 'yan guntaye ne, tsawonsu wajen harafi 22 na irin haruffan da ake rubuta wannan saƙo da su, ba a yin furotin da su. Aikinsu su manne wa saƙon, su hana a karanta shi ko su sa a rushe shi, kamar linzami a bakin doki. A jikin wata 'yar tsutsa aka fara gano su a 1993, a ɗakin binciken wani masanin kimiyya mai suna Victor Ambros. A shekarar 2000 Gary Ruvkun da abokan aikinsa suka gano mai suna let-7, aka kuma tarar har a jikin ɗan Adam akwai shi. Su biyun ne suka karɓi kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2024.

A lafiyayyen huhu, let-7 ne ke danne RAS, furotin da ke umartar ƙwayar halitta ta riƙa rabuwa. A 2004 masu bincike a Japan suka nuna let-7 yana raguwa a ƙarin sankarar huhu, kuma waɗanda nasu ya yi ƙasa ba sa daɗewa bayan tiyata. Shi kuwa miR-21, wani maikro-RNA ɗin, yawa yake yi, ya rufe bakin PTEN da PDCD4, waɗanda su ne masu tsawata wa ƙari. Abin da ya fi jan hankalina shi ne waɗannan guntaye ba sa saurin lalacewa a cikin jini, don haka ana fatan wata rana ɗan jini kaɗan ya taimaka a gano cutar da wuri. Cuta ce da ta kama mutum wajen miliyan 2.5 a 2022, ta kashe kimanin miliyan 1.8. Amma don Allah kada wani ya yaɗa cewa an samo magani. Gwajin maganin MRX34, wanda aka gina kan wani maikro-RNA mai suna miR-34, dakatar da shi aka yi a 2016 saboda mummunar illar da ya jawo ta fuskar garkuwar jiki. Da sauran tafiya.

Malamina Farfesa, ranka ya daɗe, ka karanta kowane babi da jan biro, kuma ba ka taɓa barin in faɗi abin da sakamako bai nuna ba. Allah ya ƙara girma. Ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje, ku ne kuka riƙa tasowa cikin dare ku tayar da janareta duk lokacin da aka ɗauke wuta, don kada firiza ta huce samfurori su lalace. Ba don ku ba, da jinin bayin Allahn nan ya tafi a banza. Nas-nas na ɗakin masu ciwon ƙirji, na gode da yadda kuka riƙa zama da iyalai kuna yi musu bayani a natse.

Baba, Inna, addu'arku ce ta kawo ni nan, Allah ya ja da ranku. Uwargida, kin riƙe gida da yara ina can ɗakin gwaji har asuba, ba ki taɓa nuna gajiya ba. Allah ya saka miki da Aljanna.

Ɗaliban da suka nemi kwafin kundin, ku ɗan ƙara haƙuri. Da zarar na kammala gyare-gyaren da masu jarrabawa suka nuna, zan turo wa duk wanda ya yi mini magana, in Allah ya yarda.