Kwana biyu a Wiltshire, cikin ƙauyukan da 'yan fim suka mayar lokeshan

Daga tashar Paddington a Landan muka hau jirgin ƙasa, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci ya sauke mu a Chippenham. Wannan garin shi ya kamata mutum ya mayar masaukinsa in yana son zagaya wuraren ɗaukar fim na arewacin gundumar Wiltshire, domin Lacock na kudu da shi da kamar mil 3, Castle Combe na arewa maso yamma da kamar mil 5, Corsham kuma na kan hanyar Bath. Tikitin da aka saya tun da sauran kwanaki ya fi na ranar tafiya araha nesa ba kusa ba, haka ma na jirgin da ke tashi bayan cunkoson ma'aikata na safe ya lafa.

Lacock muka fara nufa. Bas mai lamba X34 da ke bi ta Melksham yana tsayawa a ƙauyen, amma ranar Lahadi kada ka ɗora tafiyarka a kan bas, ka tanadi kuɗin tasi. Wanda ya zo da mota zai ajiye ta a filin ajiye motoci da ke bakin ƙauye, ya biya, ya ƙarasa a ƙafa. Ƙauyen duka tituna huɗu ne da suka haɗu kamar kusurwoyin ɗaki: High Street, Church Street, East Street da West Street. Minti 20 ya isa a kewaye su, amma mun yi awa huɗu ba mu gama kallo ba.

Abin da ya sa masu shirya fim ke rububin wurin a bayyane yake da zarar ka ɗaga kai. Babu wayar lantarki da ta gitta sama, babu eriya, babu farantin tauraron ɗan Adam a jikin bango. Tun 1944 Matilda Talbot ta miƙa ƙauyen ga National Trust, hukumar da ke kula da tsofaffin wurare, hukumar ce ke da kusan dukkan gidajen tana ba da su haya, kuma ba a taɓa fuskar gini yadda aka ga dama. Saboda haka darakta mai son Ingila ta shekara 200 da suka wuce aikinsa kaɗan ne. A zuba ƙasa da yashi a rufe kwalta, a cire allunan hanya, a sauya wa shaguna fuska, a roƙi mazauna su kwashe motocinsu, shi ke nan an koma da. Haka BBC ta yi a 1995 da ta mayar da High Street garin Meryton a shirin Pride and Prejudice, haka aka yi a shirin Cranford a 2007, kuma a wannan titin aka ɗauki faretin sarki na fim ɗin Downton Abbey na 2019.

A nan ne baƙo da yawa ke shan mamaki. Ranar da babu ɗaukar fim, High Street cike yake da motocin mutane a jere gefe da gefe, ƙasar da aka zuba an kwashe ta tuntuni. Mai son hoto mai tsabta ya iso kafin ƙarfe tara na safe, kafin manyan motocin 'yan yawon buɗe ido su fara sauke mutane, ko kuma ya koma Church Street, inda titin ya fi ƙunci, motoci suka fi ƙaranci. A ƙarshen wannan titin akwai gidan da aka nuna a matsayin gidan iyayen Harry Potter. Gidan mutane ne, suna ciki da iyalinsu. Na ga masu jingina da ƙofar suna ɗaukar hoto, har da mai leƙa taga, abin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Ka tsaya daga tsallaken titi ka ɗauka, ba abin da zai ragu a hotonka.

Shiga ƙauyen kyauta ne, amma tsohon ginin Lacock Abbey sai da tikiti, in ba kana da katin National Trust ba. Ela, uwargidan sarautar Salisbury, ita ta kafa ginin a 1232 don matan da suka keɓe kansu ga ibadar coci, daga baya ya zama gidan zama. Barandar dutse da ta kewaye tsakar gidan ita ce aka nuna a matsayin hanyoyin makarantar Hogwarts a finafinan Harry Potter na 2001 da 2002, ɗakunan da ke buɗewa cikinta kuma suka zama azuzuwa. A ɗaya daga cikinsu akwai ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku. Mutane kan ɗauka 'yan fim ne suka bar ta, alhali tun shekarar 1500 aka ƙera ta.

Barandar ta fi yadda take a fim ƙanƙanta sosai. Dalili biyu ne. Gilashin kyamara mai faɗin gani yana miƙar da wuri, sannan makarantar da ake gani a allo haɗe-haɗe ce: wani sashe daga nan, wani daga cocin Gloucester, wani daga Durham, wani daga fadar Alnwick, a haɗa su a wurin tacewa su zama gini guda. Yaro ya fita ta ƙofa a Wiltshire, ya ɓullo a wani gari mai nisan mil ɗaruruwa. Daɓen wurin tsohon dutse ne mara daidaito, ga sanyi yana ratsowa ta tafin ƙafa, don haka takalmi rufaffe mai kauri ya fi dacewa. In lokacin hunturu ne a duba tun daga gida, domin akan rufe ɗakunan sama a wasu ranaku.

Ɗakunan saman nan kuwa bai kamata a wuce su ba. A wani dogon zaure akwai taga mai ƙananan gilasai kamar raga. Ita William Henry Fox Talbot, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro ɗaukar hoto, ya ɗauka a watan Agusta na 1835, ya samu negatif, wato hoton farko da ake wanke sauran hotuna daga gare shi, wanda ake ƙirgawa mafi tsufa da ya rage a duniya, girmansa bai wuce kan sarki na wasiƙa ba. Na daɗe a tsaye gaban tagar nan. Jama'a na wucewa da sauri suna tambayar ina ajin Harry, ga inda sana'ar hoto ta samo tushe a gefensu ba su waiwaya ba. Akwai ɗan gidan tarihi na Fox Talbot a bakin shiga, tikiti ɗaya ne da na ginin.

Washegari muka yi sammako zuwa Castle Combe. Bas na zuwa can jefi-jefi, don haka tasi muka ɗauka, muka kuma yi alkawarin lokacin dawowa da direban tun kafin mu sauka, saboda ƙauyen a cikin kwari yake, sabis ɗin waya na zuwa yana ɗaukewa. Mai mota ya sauka daga babbar hanyar M4 a mahaɗa ta 17, ya ajiye motar a filin da ke saman tudu. Gangarowa minti 10 ne zuwa 15, dawowar ce ke sa haki. Kada a yi gangancin shiga da mota har ƙasa, wurin ajiyewa kaɗan ne, hanyar kuma a wasu wurare mota ɗaya take ɗauka, in kun yi kiciɓis sai ɗaya ya ja da baya.

Titi ɗaya ne ya gangaro daga rumfar kasuwa ta dutse, wadda aka gina tun ƙarni na 14, zuwa gadar kogin Bybrook. Gidajen na masaƙa ne na zamanin cinikin ulu, dutsensu kalar zuma, rufinsu ma fale-falen dutse. A kewayen rumfar nan Steven Spielberg ya ɗauki gwanjon dawaki na War Horse a 2010, bayan an lulluɓe kwaltar da ƙasa. Tun kafin shi, a 1966, masu Doctor Dolittle sun datse kogin don ya yi kama da tashar jiragen ruwa, ruwan sama ya yi ta ɓata musu aiki, mutanen gari kuma ransu ya ɓaci. In ka ga kogin da idonka za ka gane girman aikin da suka ɗauko, domin ruwan a wurare da dama bai kai gwiwa ba. Hoton da kowa ya sani ana ɗaukarsa ne daga ƙetaren gada, ka juya ka fuskanci tudu. Bayan ƙarfe goma sai ka yi layi kafin ka samu wurin tsayawa. Jirgi mara matuƙi na ɗaukar hoto kuwa a bar shi a jaka, mazauna sun gaji da shi har sun manna sanarwa.

A ƙofar wani gida mun tarar da ɗan tebur an jera kek a kai, kowanne da farashinsa a rubuce, ba kowa a wurin, sai dai ka ɗauka ka jefa kuɗin ta ramin wasiƙa. A riƙe 'yan sulalla saboda irin wannan. Batun abinci dai gara a yi guzuri daga Chippenham. Babu masallaci a ƙauyukan nan, ba mu kuma ga mai sayar da naman halal ba. In za a ci soyayyen kifi a tambaya, domin wasu da giya suke kwaɓa fulawar da ake tsoma shi. Mu mun yi alwala tun daga masauki, muka haɗa Azahar da La'asar a gefen wani fili.

Da rana muka biya Corsham, inda aka mayar da babban titin garin Truro a shirin Poldark. Awa ɗaya ta wadatar. Dawisu na yawo a titin abinsu, motoci na tsayawa suna jiran su tsallaka.

Stourhead, wani babban lambu mai tafki, inda aka ɗauki fitowar neman aure cikin ruwan sama a Pride and Prejudice na 2005, yana can kudu maso yammacin gundumar, kuma in ba mota zuwansa wahala ne. Mun so mu cusa shi cikin rana ta biyu, muka lissafa tafiyar kusan awa ɗaya, da kewaya tafkin, da hawan tudun da ɗakin Apollo yake, ginin da aka ɗauki fitowar, muka ga rana za ta faɗi muna hanya, tunda a ƙarshen Oktoba kafin ƙarfe biyar duhu ya fara shiga. Muka bar shi sai wani zuwan, muka koma Chippenham muka tari jirgin yamma.