Hular jariri da lissafin kaina

Da zarar hunturu ya kawo jiki, wajen ƙarshen Nuwamba, sai saƙo ya fara shigo mini daga masu jego da 'yan zuwa barka: hula, safa, 'yar rigar sanyi. Tsarin saƙar da nake samu a intanet yawanci daga Ingila ko Amurka yake, kuma an rubuta shi ne don wani ulu takamaimai da ba ya zuwa kasuwarmu. Wanda nake saya a Sabon Gari a nan Kano na roba ne, wani ma babu ko takardar da ke faɗin kaurinsa. Shi ya sa yanzu fasali kawai nake ɗauka a wurinsu, lissafin kuwa ni nake yin abina.

Kafin in fara komai sai na saƙa ɗan ƙyalle na gwaji, faɗinsa ya ɗan haura santimita 10. In wanke shi, in bar shi ya bushe, sannan in aza tef in ƙirga ido nawa ne, wato 'yan ƙulle-ƙullen zaren da ke jere a saƙar, a cikin santimita 10. Mata da yawa na ganin wannan ɓata ulu ne. Ni dai ina ganin gara wannan da a warware hula bayan an kai ƙarshe. Hannu ma ba ɗaya ba ne. Ni ina matse zare, ƙanwata kuwa sakwa-sakwa take yi, ulu ɗaya tsinke ɗaya amma aikinmu ba ya fitowa daidai.

A ce na samu ido 22. Kan sabon haihuwa yakan kai santimita 34 zuwa 35, ni kuma sai in rage kamar biyu don hular ta kama kai, tunda saƙa tana miƙewa. Santimita 33 ke nan, wato ido 72 da ɗan ɗori. Sai in tsaya a 72, domin huɗu tana raba shi, bakin hular da ake saƙawa ido biyu ta gaba, biyu ta baya, zai zagayo ba saura, takwas ma tana raba shi, ragin tsakiyar kai zai tafi sumul a wuri takwas.

A kula da lambar tsinke. Mai kaurin milimita 4 shi ne lamba 6 a Amurka, a tsohon ma'aunin Ingila kuma lamba 8. Ni milimitar kawai nake dubawa.

Inda na fi jin daɗi shi ne wajen ado. Nakan zana fure ko Dagin Arewa a littafin lissafi mai gida-gida, kowane gida ido ɗaya. Sai dai idon saƙa ya fi faɗi a kan tsawo: inda ido 22 ya cika santimita 10 a kwance, a tsaye sai an yi layi kusan 30. Zanen da ya yi kyau a takarda sai ya fito a daƙushe, kamar an zauna a kansa. Don haka nake ƙara masa layuka tun a takarda, kusan huɗu a duk inda na zana uku.

Dagi a hular jariri yana da wuya, wurin ya yi kaɗan ga lanƙwasoshinsa, ya fi zama a jakar waya ko murfin filas. Kuma in ana saƙa da launi biyu, kada zaren da ke bi ta baya ya tsallake ido fiye da huɗu ba a maƙale shi ba, musamman a safa, saboda yatsun jariri na iya sarƙewa a ciki.