Ƙofa biyu a katanga ɗaya

Ranar da muka isa harabar tsohuwar sakatariyar ƙaramar hukumar da za mu sake ginawa, ba mu aka fara bari mu shiga ba. Sojoji masu kwance bam suka yi kwana uku suna bin ƙasa taku-taku kafin lebura ya sa diga. Ina bakin ƙofa ina ta tsaki, sai ga su sun fito da tsohon kan roka daga cikin sokawe. Ban sake tsaki ba.

Garin hedikwatar ɗaya ce daga ƙananan hukumomi 27 na Borno, gabas da Maiduguri, cikin waɗanda Boko Haram ta mamaye a 2014, sojoji suka ƙwato a 2015. Irin wannan aiki ya yawaita tun da Gwamna Kashim Shettima ya kafa ma'aikatar sake gina garuruwa a 2015, wadda Farfesa Babagana Zulum ya riƙe kafin ya zama gwamna a 2019. Dole ya yawaita, tunda ƙididdigar da aka yi tare da Bankin Duniya a 2016 ta kai ɓarnar Borno kaɗai kusan dala biliyan 6. Namu dai wata ƙungiyar agaji ce ta biya, ni kuma foman ɗan kwangila ne. Zanen ya tara ofishin ciyaman, caji ofis, 'yan sibil difens da 'yan kwana-kwana cikin katanga ɗaya, burtsatse ɗaya, sola ɗaya, ƙofa ɗaya. A takarda dabara ce: masu gadi kaɗan, kuɗi kaɗan.

Rigimar farko ni na tayar. Bangwayen da suka ƙone suna tsaye ƙyam, na ce a kankare a yi filasta a ɗora kwano. Injiniyar, wadda ba ta wuce sa'ar 'yata ba, ta miƙo mini guduma.

"Baba foman, ƙwanƙwasa ginshiƙin nan."

Na buga, ya amsa kamar ƙwarya. Ɓallin da ya faɗo ya yi ja-ja a ciki, alamar wuta ta ci kankaren, rodin kuma ya saki jikinsa. Shekara ashirin da ɗoriya ina gini, ban taɓa aiki a kan abin da gobara ta kwana tana ci ba. Muka rushe duka.

Sai ƙasa. Yankin na firgi ne, baƙar lakar nan da ake shuka masakwa a kanta bayan ruwa ya janye. Da rani ta dare har ka zura hannu zuwa gwiwar hannu, da damina ta kumbura ta ɗaga gini. Muka kwashe ta, muka cike da jar ƙasa muka daddanne, sannan aka shimfiɗa fandisho mai ragar rodi. Babu dutse a wannan shiyya, tsakuwa daga nesa take zuwa, kuma tifa ba ta motsi sai da rakiyar sojoji. In ayari bai tashi ba, birkiloli sai su zauna suna shan shayi, ana biyansu. Bulo kuwa a gabana ake bugawa, don na san halin mutanenmu: ka juya baya, buhun da ya kamata ya ba da talatin sai ya haifi hamsin.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba siminti ba ne. Da aka gama ɓangaren ofisoshi, aka dawo da masu ba da takardar haihuwa da ta shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma ciki. Sati guda, maza jefi-jefi, mata kusan babu. Na tambayi wata tsohuwa mai kawo mana ƙosai.

"Ɗana, duk wanda ya gan ni na shiga ƙofar nan, cewa zai yi an kai jikana bayan kanta."

Bulama ya ƙara nasa, murya ƙasa-ƙasa: tun 2009, in mutanen nan suka shigo gari, caji ofis suke fara nema. Wa zai ɗauki goyo ya je ya yi layi a gindinsa? Wanda ya yi zanen bai taɓa kwana a garin ba, mu da muke kwana kuma ba mu tambayi kowa ba sai da aka gama ofisoshin.

Na kai maganar gaban DPO. Ya ce, "Malam, kowace ƙofa ka huda, mutum biyu ka ɗauke mini dare da rana." Gaskiyarsa ce. Aka yi zama uku da ciyaman da lawani da injiniya kafin a daidaita: ƙaramar ƙofa ta masu tafiya a ƙasa ta ɓangaren kasuwa, a rufe ta da la'asar, mace daga 'yan ƙato da gora ta riƙa duba mata, a kuma ja katanga a tsakiya ta raba ofisoshi da ɓangaren masu kaki. Muka kafa rumfa da benci a gindin darbejiyar da wuta ta bari. Ranar kasuwa ta gaba, layi har waje.

Katangar tsakiyar ni na auna ta, da alfahari kuwa. Bayan wata biyu aka kawo motar kashe gobara daga Maiduguri. Direban ya shigo, ya yi gaba, ya yi baya, ya leƙo ta taga ya ce, "Baba, ta ina zan juya?" Da faɗin Hilux na yi lissafi. Muka fasa mita huɗu, muka ja ta baya muka sake ɗaurawa, ɗan kwangila ya cire kuɗin bulon daga albashina. Fentin wurin bai taɓa hawa daidai da sauran ba, daga bakin ƙofa ma ana gane shi.