Zuwa Agadas da Babbar Kyamara

Na tashi daga Damagaram da asuba, muka bi ta Tanut muka nausa arewa, tafiyar da ta haura kilomita 400, kuma duk tsawon hanyar akwatin kyamarata yana bisa cinyata, domin ban yarda gilashinta ya sha girgizar bayan mota ba. Kyamara ce irin ta da, mai ɗaukar fim ɗaya-ɗaya, inci 4 a faɗi da 5 a tsawo, jikinta yana naɗewa kamar zugazugin maƙeri, kuma ba a aiki da ita sai an ɗora ta a kan mariƙi mai ƙafa uku. Abin da ya kai ni shi ne hasumiyar babban masallacin Agadas, wadda aka fara ginawa a wajajen 1515, aka sake gina ta a 1844, ginin ƙasa mai tsayin mita 27.

Washegari da hantsi, bayan na nemi izinin masu kula da masallacin, na zaɓi wurin tsayawa. Ƙasar wurin rairayi ce, saboda haka na ware ƙafafun, ɗaya ta fuskanci hasumiyar, biyu suka bar mini fili a baya, na danna kowace har ta daina nutsewa. Kafin kyamara ta hau, sai da na daidaita kan mariƙin da ma'aunin ruwa irin na magina, ina rage wannan ƙafa ina ƙara waccan har kumfar ta zauna a tsakiya. Wanda ya tsallake wannan mataki zai ga komai ya karkace da zarar ya juya kyamarar dama ko hagu. Daga nan na ɗora ta, hannu ɗaya yana riƙe da ita har na gama ɗaure ta tamau, na auna allon baya, inda gilashin dubawa da fim suke zama, ta gefe da ta gaba, sannan na auna allon gaba, mai ɗauke da idon kyamarar.

Dalilin wannan wahala yana jikin ginin. Hasumiyar tana da faɗi a gindi, tana tsukewa yayin da take hawa, itatuwa suna leƙowa daga jikinta inda masu yaɓe suke takawa. Idan mai hoto ya ɗaga bakin kyamara sama domin ya kamo ƙololuwa, tsukewar za ta zarce yadda magina suka yi ta, katangun kewaye kuma su zama kamar za su faɗi baya. A ganina wannan rashin adalci ne ga mutanen da suka auna ginin nan da ido da hannu. Maganinsa shi ne allon baya ya tsaya cak a miƙe, a zame allon gaba sama shi kaɗai.

Na lulluɓa da baƙin mayafi, hasumiyar ta bayyana a gilashi kanta a ƙasa, yadda irin wannan kyamara take nuna komai, na bi layukan gilashin na tabbatar ta tsaya daidai. Iskar hunturu tana kaɗa jikin kyamarar, don haka na rataya jakata a tsakanin ƙafafun domin ƙarin nauyi. Bayan na zura gidan fim a hankali, na sake duba kumfar, tun da turawar kan gusar da saiti, na jira iska ta lafa, na zare marufin da ya rufe fim ɗin, sannan na latsa.