Adakar Inna

Asabar, Unguwar Rogo, Jos

Sanyi ne ya tashe ni tun kafin ladan. Zaman Abuja ya lalata ni, na manta yadda hunturun Jos yake ratsa bargo ya nemi ƙashi. Na fito tsakar gida da buta, ruwan kamar daga firji aka ciro shi, na tsinci kaina ina kasa kunne wai in ji tarin Inna daga ɗaki, in ji ta ce, "Wace mara hankali ce ta bar mini itace a raɓa?" Sai da na wanke ƙafar hagu na tuna yau kwana arba'in da biyu.

Shekaranjiya aka yi sadakar arba'in, bayan gardamar da aka saba. Mai bi mini ya ce bidi'a ce, Goggo ta ce ko ya yarda ko bai yarda ba sai ta soya wa 'yar'uwarta waina. Tun da aka kafa Izala a garin nan a 1978 gidanmu bai gama wannan shari'ar ba, kuma ban ga alamar za a gama ba. An dai soya wainar. Shi ma na gan shi a zaure ya ci biyar.

Da hantsi Kawu ya zo, ya ce kafin kowa ya buɗe baki da maganar gado, a buɗe adaka. Ya zauna a kan tabarma ya jero mana yadda abin yake: hidimar jana'iza ce farko, sai bashi, sai wasiyya in ba ta wuce sulusi ba, sannan magada. Ajiyar mutane kuwa, in ji shi, ko cikin lissafi ba ta shiga, don ba dukiyar mamaci ba ce. Ya faɗi haka yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, don ya san wace ce yayarsa.

Adakar koriya ce ta ƙarfe, furannin jikinta duk sun goge. Da ita aka kawo Inna daga Barikin Ladi ranar aurenta. Mahaifinta daga ƙasar Kano ya zo aikin kuza, a ƙaramin jirgin ƙasan nan da yake tasowa daga Zariya, wanda aka daina a 1957. Takan ce in jirgin ya zo hawan dutse, mutum zai iya sauka ya kama ruwa ya dawo ya tarar da shi. Ba ta san shekarar haihuwarta ba, ba ta kuma damu ba. In an matsa mata sai ta ce ita dai tana ƙaramar yarinya, tana taya uwarta ɗaukar ƙasa a kwanon sarki, aka ce Sarauniyar Ingila ta zo Jos. Da wannan zuwan na 1956 muke ƙiyasta shekarunta a takardar asibiti.

Makullin yana ɗaure a haɓar zanenta har ranar da ta cika. Likkafaninta ma, wanda ta sayo a Makka, tun bara ta cire shi ta kai wa Goggo. A lokacin mun ce rigimar tsufa ce. Yau na gane ba ta so a buɗe adakar a cikin ruɗewa, hannu da yawa a ciki.

Da aka ɗaga murfin, ƙamshin kafur da kanumfari ya cika ɗakin, ƙanwata ta fita da gudu. A sama turamen atamfa ne da ba a ɗinka ba, wasu ni na aiko mata da Sallah. A ƙarƙashinsu kuma ƙulle-ƙulle ne a tsumman zane, guda goma sha ɗaya, kowanne da 'yar takardar buhun siminti a soke, an yi rubutun ajami da biro. Inna ba ta yi boko ba. Allo ta yi, daga baya ta shiga Islamiyyar matan aure, rubutunta kamar tafiyar kaza, Kawu kaɗai ke iya karanta shi.

Akwai 'yan kunnen zinari na wata maƙwabciya da take ɓoye wa mijinta, don duk abin da ya gani sai ya kai kasuwa. Akwai takardar filin wani da ya yi almajiranci a zaurenmu, yanzu yana tuƙa keke mai ƙafa uku. Akwai kuɗin da wani saurayi yake tarawa na sadaki. Fiye da shekara talatin tana uwar adashi a layin nan, ban taɓa jin an ce sisin wani ya yi ciwon kai ba. Ba kyauta take yi ba, tana cire ladanta, kuma ba ta jin kunyar cirewa. Takan ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kuma kada in mai da ita waliyyiya don ta mutu: Inna tana da baki. Matar da ta makara da zubi, tun daga bakin famfo za ta fara jin labarin kanta. Tana ƙirga ashana. Maganin hawan jini kuwa, ƙarƙashin katifa muka riƙa tsintarsa.

Ƙulli biyu ne suka tsayar da mu. Na farko Kawu ya juya takardar, ya gyara tabarau, ya karanta: "Na yarinyar nan." Shi ke nan. Wace yarinya? Goggo ta kawo sunaye uku, ƙanwata ta kawo biyu, mai bi mini ya sunkuyar da kai yana danna waya. Kawu ya ce ba za a kwance abin da ba a san mai shi ba, a mayar tukuna.

Na biyun an rubuta "Na Maman 'Yan Biyu, kwasar Juma'a." Nan kowa ya yi shiru.

Maman 'Yan Biyu katanga ɗaya ce tsakaninmu da su lokacin da nake yarinya. Kirista ce, mutuniyar wajen Bokkos. Da Kirsimeti ta aiko da shinkafa da kazar da ta kawo Babanmu ya yanka, da Sallah mu kai musu cinya. Ita ta koya wa Inna gwate, Inna ta koya mata dambu. Suna cikin adashi ɗaya, mata ashirin, naira ɗari bibbiyu duk Juma'a. Juma'ar da kwasa ta zo kanta ita ce 7 ga Satumba, 2001. Inna ta gama tattara kuɗin da hantsi, tana jira a sauko daga masallaci ta miƙa mata, gari ya kama da wuta. Ni ina Abuja a lokacin, wayar hannu ba ta daɗe da shigowa ba, babu mai ita a gidanmu. Kwana biyar ban san ko suna raye ba. Daga baya na ji cewa Mama da 'ya'yanta sun kwana biyu a ƙuryar ɗakin Inna, har aka samu sojoji suka fitar da su. A wannan fitar ba wanda ya tuna da adashi. Ba su sake dawowa ba, kamar yadda dubban mutane ba su koma unguwanninsu ba, kowa ya bi inda nasa suka fi yawa. Bayan wata biyar babbar kasuwar Terminus ta ƙone, inda da ma nan ne ake haɗuwa ko ba a shirya ba.

Inna ta yi cigiya. Duk ranar da ta je Farin Gada sai ta tsaya wajen masu kawo dankalin Turawa daga Bokkos tana kwatance. Wani ya ce sun koma ƙauye, wata ta ce ai matar ta rasu. Sai ga shi ranar sadakar uku wata mata ta shigo da ɗankwali, ta durƙusa tana kuka, ashe ɗaya daga cikin 'yan biyun ce. Sanarwar rasuwar ta gani a Facebook. Ta ce Mama tana nan da ranta a Bukuru, wajen ɗanta. Bukuru! Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba.

Kawu ya kwance ƙullin don a ƙirga a gaban shaidu. Kashi uku muka tarar. A ƙasa tsofaffin takardun naira ashirin masu hoton Murtala da na hamsin, manya-manyan nan da aka daina karɓa bayan canjin 2007, sun yi laushi kamar ganyen kuka, dubu huɗu cif. A kansu wasu dubu huɗu, 'yan ɗari biyar-biyar. A sama kuma sababbin 'yan dubu-dubu guda huɗu, irin waɗanda aka yi ta wahalar nema a farkon 2023, lokacin da mutane ke kwana a layin banki. Duk sanda aka ce kuɗi zai mutu sai ta nemo sabo ta ɗora, na asalin kuma ba ta taɓa shi ba. Yadda tsohuwar da ko asusun banki ba ta da shi ta samo sababbin kuɗi a wancan watan, Allah kaɗai ya sani. Na tuna a lokacin na yi mata faɗa a waya don an ce mini ta sayar da tunkiyarta da araha.

Bayan azahar muka kama hanya, ni da mai bi mini da Goggo. Muka bi ta Terminus, na kau da kai daga kangon kasuwar. A hanyar Bukuru Goggo tana ta nuna kududdufan da haƙar kuza ta bari, tana cewa nan ma an ci, nan ma an ci.

Mama ta tsufa ƙwarai, idon ya yi yana. Na durƙusa na ce, "Mama, ina wuni." Ta laluba fuskata da hannu biyu, ta kira sunana tiryan-tiryan, har da laƙabin da na manta ina da shi. Ta ce, "'Yata, ashe haka Ubangiji ya yi? Sannu, sannu. Allah ya ba ku haƙuri." Da Goggo ta ɗora mata ƙullin a cinya ta yi bayani, sai ta fashe da dariya, ta ce, "Kai, matar nan da taurin kai!" Dariyar ce ta juye ta zama kuka, mu ma muka taya ta. Ta ce kuɗin makarantar 'yan biyu ta yi niyyar biya da shi. Ga 'yan biyun nan yau kowacce da 'ya'yanta. Dubu huɗu kuwa yanzu ko cefanen yini ba za ta yi wa gidan ba.

Tsofaffin takardun ta ɗauka ta sa a tsakiyar Littafi Mai Tsarki da ke gefen gadonta. Sauran dubu takwas ta turo mana, ta ce a saya wa almajirai abinci da sunan Inna. Goggo ta ce a'a, haƙƙinta ne. Mama ta ce to ai ta karɓa, yanzu nata ne, ko an hana mutum yin abin da ya ga dama da kuɗinsa? Goggo da ba a kayar da ita a magana ta yi shiru ta karɓa.

Aka kawo gwate na acha, ya ji yakuwa da gauta, da zafinsa. Muna sha Mama tana ba da labari. Ta ce, "Uwarki ta cika mini kunne da ke. In mun haɗu a famfo, yarinyar nan ta ci jarrabawa, yarinyar nan ta aiko da takarda, yarinyar nan ba ta son kuɓewa. Na ce mata ke wai yarinyar nan ba ta da suna ne?"

Cokalin ya tsaya a hannuna. Na dubi mai bi mini, ya dubi rufin ɗaki.

Ni ce 'yar fari. Tunda nake, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yabona a gabana ba. "Ke" ce sunana, in tana jin tsokana kuma "mutanen Abuja". Na san al'ada ce, na san kunya ce, amma sanin bai hana ni jin zafi ba, musamman in na ga yadda take narkewa a kan jikoki. Ɗana tana ce masa maigidanta, tana tambayarsa kuɗin cefane. 'Yata kuwa kishiya ce, kullum suna faɗan wasa a kan turare, a ƙarshe ta ƙulle mata kuɗi a hannu. Sau da yawa nakan tsaya a bakin ƙofa ina kallonsu, ina mace da 'ya'yana, ina kishin 'yar cikina.

Mun dawo ana kiran magariba. Bayan isha'i na gaya wa Kawu, ya yi murmushi ya ce in ɗauka. Na shiga ɗakinta na rufe ƙofa.

Wasiƙu ne. Waɗanda na riƙa aiko mata daga makarantar kwana, guda ashirin da uku, a jere yadda suka zo. Na buɗe ina tsammanin zan ga wata magana mai daɗi da na taɓa rubuta mata. Babu. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri, bayan haka garin kwakina ya ƙare. A aiko mini da ƙuli-ƙuli da sabulu. An sace mini bokiti. Duka ashirin da ukun roƙo ne, ko sau ɗaya ban tambayi ciwon bayanta ba, alhali a kan tanda take tun asuba don ta biya waɗannan buƙatun.

Na kira mai bi mini na nuna masa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ni nake karanta mata. Kowacce sau biyu. Ta ce in na gaya miki ba ta yafe ba." Na ce to yanzu fa? Ya ce ai ba shi ya faɗa ba, Mama ce. Wai ladan karatun waina uku ne, in da labarin jarrabawa a ciki, huɗu.

Na mayar da su cikin tsumman. Sau uku ina gwada irin ƙullinta, yana warwarewa, sai na ɗaure shi irin nawa. Saura tara. Gobe da safe za mu fara da mai 'yan kunne, sai mun daidaici mijin ya fita.