Launin ruwan ƙasa ya yaudare ni sau biyu

Wata biyar ke nan da na haɗa tankin kifin ruwan gishiri mai lita 120 a falona. Kifayen ba su ba ni wahala ba, abin da ke tsirowa a kan yashi da duwatsu ne ya hana ni barci. A wurinmu duk abin da ya taso a ruwa gansakuka ne. A tankin nan kuwa kowace da halinta, har maganin wata kan zama gatan wata.

A mako na uku wata ƙura mai launin ruwan ƙasa ta rufe gilashi. Da ka goga da yatsa sai ta tashi kamar gari. Dayatom ke nan, wata mitsitsiyar gansakuka, da sinadarin silika da ke cikin sabon yashi take gina ɓawonta. Dodon koɗi suka yi ta lasa, silika ta ƙare, ta tafi da kanta.

Sai ja ta zo. An ɗauke wuta kusan yini guda, famfon da ke kaɗa ruwa ya tsaya, bayan kwanaki kaɗan na ga shimfiɗa ja jawur a kusurwar da ruwa ba ya motsi. Na ɗago gefenta, ta biyo ni gaba ɗaya kamar fatar da ke kan kunu idan ya huce. Wannan ba gansakuka ba ce ma, bakteriya ce, sayanobakteriya. Na zuƙe ta da siririn tiyo, na karkata famfo wajen.

Nan na tsorata, na shiga canza ruwa babu ƙaƙƙautawa, na sa abin tsotse fosfet, har ma'aunin naitret da na fosfet, sinadaran da gansakuka ke ci a ruwa, duk suka nuna sifili. Na ɗauka na yi tsafta.

Da ruwan ƙasa ya dawo, sai na ce ai tsohuwar dayatom ce, na ƙyale. Dodon koɗi biyu suka mutu, kuma har yau abin yana min ciwo, don alamu suna gabana. Wannan karon ba ƙura ba ce, zare-zare ne mai yauƙi kamar miyar kuɓewa, da kumfa maƙale a bakinsa. Da asuba yashi fes, kafin azahar ya rufe. Na ɗebo kaɗan a kwalba, na girgiza, na tace da takardar goge hannu, na ajiye a haske. Cikin awa guda ruwan da ya fito garau ya sake haɗa zare. Dayatom ba ta yin haka.

Wani abokina ya duba min a madubin ƙara girma na ɗakin gwaji. Ƙwayoyi masu siffar riɗi, kowace tana juyawa wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Dainofilajelet ne, wata mitsitsiyar halittar ruwa, irin da ake kira Ostreopsis, kuma yana da guba, shi ya sa yanzu ba na sa hannu ba safa. Ya fi samun fili idan ruwa ya talauce, abokan gasarsa suka mutu da yunwa.

Na dakatar da canjin ruwa, na ƙara wa kifi abinci har ma'aunin naitret ya tashi daga sifili zuwa wajen 5, na sa gawayin tacewa saboda gubar. Fitilar UV kuma, mai kashe ƙwayoyin da ke yawo a ruwa, ta yi aiki sosai, tunda da dare yakan bar yashi ya shiga yawo a cikin ruwa.

Jiya na ga ɗigo uku ruwan hoda a jikin dutse, masu tauri, farce bai kankare su ba. Gansakukar koralin ce, wadda nake jira tun ranar farko.